Kawunan Keke a Rumbun Dawa

Ko zan manta komai a rayuwata, ba na jin zan manta ranar da na tsaya a bakin wani rumbu a Sahuda ina kuka ina dariya lokaci guda.

Ni tela ce, shagona yana Nassarawo a Mubi. Tun da mijina ya rasu, kekunan ɗinki uku ne ke ciyar da ni da 'ya'yana. Da aiki ya fi ƙarfina sai na ɗauki wata 'yar Gude daga Sahuda, Kirista, mai hannu a yanka, daga baya kuma wani ɗan Kamwe mai aikin surfani. Yayana bai so ba. Duk zuwan da zai yi sai ya ce ga 'yan dangi zaune babu aikin yi na je na kwaso bare, wai har da ba 'yar Sahuda makulli. Ni kuwa na san abin da nake gani. Da azumi, lokacin da yunwa ke sa ni ganin allura biyu-biyu, ita ke riƙe shagon har a gama ɗinkin Sallah. In Kirsimeti ya matso ni ke zama a kan ankon matan cocinsu, ita ta tafi gida ta yi hidimarta. Aikin Juma'a nata ne, na Lahadi nawa.

Ana nan sai shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari. Ranar ina Digil wurin ta'aziyya, ni da yara. Daga can muka bi daji da zanen jikinmu, ko leƙa shago ban yi ba. A Yola muka ƙare, gidan yayan nawa. Allah ya saka masa, bai hana mu tuwo ba. Amma macen da ta saba cin guminta, a ce ko sabulu sai ta roƙa? Na rame, na zama mai saurin fushi. Layin 'yar Sahuda kuwa ba ya shiga, har na fara fid da ran sake ganinta.

Da gari ya lafa na ce zan koma. Yayana ya ce in je in gani da idona, in babu komai in dawo in zauna, kada in ƙara ta da maganar Mubi. Na amince don ba ni da ta cewa.

Na tarar da ƙofar a ɓalle. Atamfofin mutane babu, dutsen guga babu, ko almakashi ba a bari ba. Ƙafafun kekunan na nan tsaye, kawunan ne babu, kuma kowane tela ya san kai shi ne keke. Na zauna a ƙasa ina tunanin motar Yola. Can sai idona ya kai jikin bango. An cire bel ɗin kowane keke, an naɗe shi tsaf an rataye a ƙusa. Ɓarawo ba ya naɗe bel. Mutum ɗaya ke yin haka a shagon nan, wadda kullum nake yi wa tsiya a kan tsantseninta.

Washegari na shiga motar Sahuda. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ita ma duk ta zube, ba ta daɗe da dawowa daga Kamaru ba. Wayarta a kogi ta faɗi wurin tsallakawa. Bayan mun gama rungume juna ta share ido ta ce, "Adda, kin daɗe. Baba ya gaji da gadi."

Ashe ranar, da harbi ya matso, ita da mai surfani suka kwance kawunan suka zuba a buhu, suka kai wa a-kori-kurar da ta kawo wake kasuwa daga Sahuda da safe. Direba ya ce babu wurin kaya, sai ta zauna a kansu har Sahuda. Mahaifinta, tsohon da ya ƙi gudu, ya tura su cikin rumbu ya rufe da dawa.

Tsohon da kansa ya hau ya fito da su. Da aka buɗe buhu sai wani warin tsohon ƙuli-ƙuli ya buge ni. Kawunan sun yi danƙo, ƙaiƙayi ya manne ko'ina, na juya hannun ɗaya ya ƙi motsi sam. Ashe tsoron tsatsa ya sa tsohon yake fito da su lokaci-lokaci yana shafe su da man gyaɗa. 'Yarsa ta dafe kai ta ce Baba ya kashe mu. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya dube ni da alfahari.

"'Yata, duba da kyau, tsatsa ko ɗaya babu. Man miyana ne na hana kaina na ba su."

Nan dariya ta kuɓuce mini, kuka ya biyo baya. Mutumin da bai taɓa ganina ba, ya sha miya babu mai saboda abincin 'ya'yana. Na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya biya ka." Abin da bakina ya iya ke nan.

Mun sha wahala da kalanzir da tsohon buroshi kafin kekunan su yarda su juya, amma sun juya. Mai surfani ma ya dawo. Aikin farko matan cocinsu ne suka kawo, kafin mutanen unguwa su farfaɗo, shi ya riƙe mu har Sallah ta zo. Yayana ya zo daga Yola ya zauna a benci yana kallon kekunan. Da zai tafi sai ya miƙa wa 'yar Sahuda shaddarsa.

Yanzu shagon ya faɗaɗa har ya ci na maƙwabci, kuma in ka shigo za ka ji Fulatanci da Gude da Kamwe da Hausa suna tashi tare da ƙarar keke. Abin da na koya shi ne, in za ka ɗauki abokin aiki, dubi hannunsa da amanarsa, ka bar zancen garinsu da inda yake ibada. Da 'yan gidanmu kaɗai na tara a shagon nan, da duk muna Digil wurin ta'aziyya ranar, babu mai naɗe bel.