Ganyen Gonar Kaka Tamar

Kaka Tamar ta fara noman citta a Kwoi tun kafin a haifi iyayenmu. Kashin alade, toka da ɓawon gyaɗa take tarawa a wani rami a bayan gidanta, kuma da ta shuka sai ta lulluɓe gonar da ɗanyen ganye, don kada rana ta ƙone iri, ruwa ya wanke ƙasa. Da wannan gona ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, Azariya.

Azariya ya bar ƙane, Nelson, mazaunin Kafanchan. Mutum ne da bai san inda ake riƙe fartanya ba, amma duk wani fom da ya shigo ƙaramar hukuma ya san ƙofarsa. Da wata ƙungiya ta kawo tallafin gyaran ƙasa ga manoma, sai ga shi a kan babur da farin takalmi.

"Matarmu, na sa sunana a gonar nan. Ai ta gida ce. Ke ba ki iya magana da manya ba."

"Kai da ka iya, wace shekara ka zuba mata taki?"

Ya yi dariya kawai. Ita kuwa ta gane. Yau suna a takardar tallafi, gobe takardar ce za a nuna wa dattawan dangi a ce gona ta Nelson ce.

Ranar da za a zo duba gonar don tallafin, Kaka ta tafi taron zumuntar mata a coci. Nelson ya leƙa gonar, ya ga ganye ko'ina, wai ƙazanta. Ya ɗauko 'yan ƙwadago da manjagara, suka share ta tas, suka tara ganyen suka cinna wuta.

Kaka ta dawo daidai da isowar malamar gona, Madam Ezinne, wadda iyayenta ma'aikatan jirgin ƙasa ne a Kafanchan. Ƙasa tsirara, hayaƙi na tashi, Nelson na tsaye yana gyara kwala.

"Oga, ina ganyen?" in ji Madam.

"Na gyara maku wuri ne, Madam."

"Ka gyara." Ta juya wajen Kaka. "Mama, wa ke aikin gonan nan?"

Kaka ta kai su bayan gidanta. Ta tura hannu cikin ramin taki har gwiwar hannu, ta ɗebo baƙin taki mai ɗumi, ta miƙa wa Nelson.

"Mijina, riƙe ka nuna wa baƙuwarka."

Ya ja da baya, yana kare takalminsa.

A nan tsaye Madam ta soke sunansa ta rubuta Tamar Azariya. Kaka ba ta jira tafiyarsu ba. Ta ɗauki adda ta nufi daji yankan ganye, don rana ta riga ta yi sama, iri kuma na kwance a buɗe.