Gwaggo Mai Ihu da Ƙofofin Layinmu

Da tsakar rana, lokacin da layinmu ke yin tsit, kaji ma sun nemi inuwa, sai ka ji takun silifas ɗinta. Tsohuwa ce siririya mai farin mayafi. Takan tsaya a lungun bayan injin niƙa ta kurma ihu guda ɗaya, sannan ta yi shiru tana ƙirga ƙofofin da suka buɗe. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Mu muka laƙaba mata Gwaggo Mai Ihu, kuma Allah ya sani ba don yabo ba ne.

Kafin nan ta daɗe tana aiki a ɗakin ajiye gawa na asibiti. Ita ke karɓar wanda aka sara da wadda aka shaƙe. Ba ta son zancen, amma ta taɓa gaya mini hannu take fara dubawa. "Ɗana, kusan duk sun yi kokawa. Farce a karye, tafi a yanke. Ba ƙarfi suka rasa ba, mai fitowa suka rasa."

Gidan da bai buɗe ba, har ƙofa take zuwa. "Kun ji?" "Mun ji, Gwaggo, mun zaci rigimar miji da mata ce." Sai ta kafe mai gidan da ido har ya sunkuyar da kai. "Haka maƙwabtan wadda na kwantar a durowa ta huɗu suka zata."

Ran Asabar takan tara mu a wani ajin makaranta, ta koya mana yadda ake fizge hannu ta wajen babban yatsan mai riƙo, da yadda ake sanyaya faɗa tun yana cacar baki. Amma babban darasinta ɗaya ne: "Kada ki ce wayyo, wayyo ba ta da mai ita. Kira mutum ɗaya, ki ba shi aiki." Ƙanwata tela ce ta fi kowa dariya. "Haba Gwaggo, ni da ko kyankyaso na gani sai unguwa ta ji?"

Bara, da rana kata, wani ya shiga shagonta riƙe da yadi, ya janyo ƙofa ya rufe. Wuƙa ce naɗe a yadin. Mai tashin unguwa saboda kyankyaso ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta ce hannayenta ta kalla a kan keken ɗinki, ta tuna wa ke fara duba su. Sai muryar ta dawo, ta ƙwala kira: "Mai walda, zo da guduma! Maman 'yan biyu, tare lungu!" Mai walda ya rantse ya ji rufe ƙofar tun farko, ya ce babu ruwansa. Amma da aka ambace shi, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Aka riƙe mutumin har 'yan sanda suka zo, ba wanda ya mare shi, don Gwaggo ta sha gargaɗin cewa durowar gawa ba ta tambayar wane ne mai laifi.

Gwaggo, ke ce kika gaji da rufe idon mutane, kika fito kina buɗe kunnuwanmu. Mun kira ki mai taɓin hankali, ina jin kunyar haka har yau. Ƙanwata tana nan tana ɗinki, hannunta ko ƙwarzane babu.

Yanzu muryar ta ƙare, likita ya ce ta huta. Laraba da ta wuce ta zo lungun karo na ƙarshe, ina leƙe ta taga. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Sai na ji sakata tana motsi. Ƙofar mai walda, ta mai niƙa, ta gidan da bai taɓa buɗewa ba, suka yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Ta tsaya tana ƙirgawa da yatsu, yatsun suka ƙare.

Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu karatu, ku san maƙwabtanku tun ana zaman lafiya, kuma in kun ji ihu, ku fito kafin a kira ku.