Kwalbar Adda Sabuwa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a bakin titin Ngurore ya san yayata, Adda Sabuwa. Tun rasuwar mijinta take suyar gyaɗa, da ita ta yi rainon 'ya'yanta, ban taɓa jin ta ce wash ba. Masifaffiya ce ta gaske, amma in ta gama balbale ka sai ta cika maka aljihu da gyaɗa.

Tari ya kama ta, numfashi ya soma gagararta. A wani asibiti a Jimeta aka zuƙe ruwa daga ƙirjinta, ya sake taruwa. Ta sha maganin tarin fuka, shiru. Likita ya ce sai an huda tsakanin haƙarƙarinta, a yanko 'yar tsoka daga tantanin da ya lulluɓe huhu a duba, sannan a san ciwon da za a yi wa magani. Adda da ko allura gudu take yi, ta kwanta aka yi mata. Ta farka da roba a gefen ƙirji, tana cije leɓe.

Aka sa tsokar a 'yar kwalba, aka ce dangi su kai ɗakin gwaji. Babban wanmu, Hamma Bobboyi, ya karɓa. Shi ne babba, wa ya isa ya hana shi?

Muka yi ta jiran sakamako. Da na gaji na je ɗakin gwajin da kaina, suka ce ba a kawo musu komai ba. Na wuce gidansa a Wuro Hausa, na tarar yana shan shayi.

"Hamma, ina kwalbar Adda?"

"Na binne ta," in ji shi. "Naman ɗan Adam ne. Ba za a yi ta yawo da naman ƙanwata hannu-hannu ba."

A raina na ce: Mace tana raye, tana jan numfashi da ƙyar, kai ka yi wa maganinta jana'iza! Ko limamin unguwarsu bai tambaya ba, balle likita.

Likita ya ce sai an sake yanka, amma sai ta yi ƙarfi tukuna. Ba ta yi ba. Kullum na shiga ɗakinta sai ta ɗago ta ce, "Ya fito?" Haka ta yi ta tambaya har ta cika.

A wurin zaman makoki, da kunnena na ji Hamma ta bayan katanga yana gaya wa masu gaisuwa wai likitoci ne suka kasa gano ciwon.