Cokalin Honarabul

Shekara ashirin da wani abu muka yi muna cin abinci kwano ɗaya ni da Alhaji kafin ya shiga siyasa. Ƙauyenmu ɗaya, can bayan Kagara. Na girme shi da damina biyu, amma shi ne maigida. Shi ke sayen masara da dawa da ƙwarar kaɗanya a kasuwannin ƙauye. Ni ke awo, ni ke ɗinke buhu, ni ke hawa saman lodi har Minna. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Mota ta taɓa kifewa da mu a hanyar Tegina, waɗanda ke gefena suka mutu, ni na fito da karyayyar ƙafa. Har yau ina ɗingishi.

Alhaji mutum ne mai ci. In aka ajiye langa, kafin ka wanke hannu ya kai loma uku. In tsoka ɗaya ce a miya, tasa ce, kuma ban taɓa jin haushi ba. Da sunana yake kirana, gatsal, ko a gaban 'ya'yana.

Ƙwara ta yi masa arziki. Ya sayi manyan motoci biyu, ya kafa injin niƙa, ya je Makka. In yunwa ta shigo tsakiyar damina shi ke buɗe sito ya ba mutane hatsi. Shi ya sa da soja suka sauka a 1999 mutane suka ce ya fito. Ya fito, ya ci kujerar majalisar jiha. Ya ce in haɗa kayana mu koma Minna. Na ce me zan yi a Minna, ba a awon masara a majalisa. Ya ce, "Kai dai taho."

Shekarar farko ba ni da aiki. Ina zaune a ƙofar gida kan benci tare da maigadi, wani tsoho ɗan Wushishi mai fama da tari. Alhaji ya zama Honarabul, yana ci da manya a falo. Ni ina ci da direba.

Sai wani abokin siyasarsa ya mutu. Sun je walima tare, sun zauna tabarma ɗaya, mutumin ya koma gida, kafin la'asar ya cika. Wasu suka ce guba, wasu suka ce sammu, wasu suka ce hawan jini. Ni ban sani ba. Alhaji ya dawo daga jana'iza ya yi kwana uku ba ya cin komai sai dafaffen ƙwai da ya ɓare da hannunsa. Na ɗauka jimami ne.

Rana ta huɗu aka ce yana kirana a falo. Na tarar da baƙi, an shimfiɗa leda, an jera kuloli. Ya nuna mini gefensa.

"Yaya, zauna nan."

Na waiga in ga wane ne Yaya.

"Da kai nake. Wannan da kuke gani yayana ne, tare muka sha wuya. Yaya, bismillah, fara. Ka girme ni."

Na ce, "Alhaji, yaushe aka fara wannan?"

"Yau. Mutuwar nan ta nuna mini duniya ba komai ba ce."

Da hannunsa ya tsamo mini cinyar kaza. Na karɓa na ci. Tun da ubana ya mutu ba wanda ya taɓa girmama ni a gaban mutane.

Daga ranar ba ya cin abinci sai da ni. Karin kumallo, na rana, na dare. In an gayyace shi biki ko suna ko taron jam'iyya, ina gaban mota. Ya ɗinka mini manyan riguna. A ko'ina aka ajiye abinci sai ya ce, "Yaya, fara." Ni zan ɗanɗana miya, ni zan yagi nama, ni zan kurɓi kunu, sannan in miƙa masa kofin. Shi kuma lokacin zai tuna da wata magana, ko ya tashi wanke hannu ya daɗe. Da wayar hannu ta zo, sai ya riƙa buga waya. Can sai ya ce, "Ya ka ji miyar?" In ce ta yi. Sai ya sa hannu. Ya koyi cin tuwo da sanyi, mutumin da a da yake ƙona harshe.

Na yi ƙiba. A ƙauye ana nuna ni, ana cewa ga wanda Honarabul ba ya iya haɗiye loma sai da shi. Masu neman taki da masu neman aiki wa 'ya'yansu suka fara biyowa ta wajena. Ya sake cin zaɓe, ya kuma sake ci. Na yi masa yawon ƙauyuka da wannan ƙafar. Duk inda na tsaya magana ɗaya nake yi: mutumin da mulki bai sa ya manta da abokin kwanonsa ba, ba zai manta da ku ba. Mutane sun yarda, don sun gani da idonsu.

Shekara goma muka yi a haka.

Ana shirin zaɓen 2011, rikici ya shiga tsakaninsa da wani babba a jam'iyyarsu, mai gona a Garatu. Aka shiga tsakani, aka ce an sasanta. Bayan ƙaramar salla mutumin ya aiko da sakwara da farfesun zabi, alamar komai ya wuce. Ɗan aiken na waje yana jiran kuloli, don ya koma ya ce Honarabul ya ci. Ni kuma ina azumin Sitta Shawwal, rana ta huɗu, la'asar ta wuce.

Alhaji ya ce, "Yaya, zo ka fara."

"Ina azumi."

"Nafila ce. Ka rama gobe."

"Saura kaɗan a sha ruwa, Alhaji. Ka ci abinka."

"Haba Yaya. Ka san ba ya shiga in ba kai. So kake in mayar wa mutum da abincinsa, rigima ta dawo sabuwa?"

Na karya azumin. Na ci sakwara, na ci zabo, na sha romo. Ya zauna yana danna waya, amma idonsa na kan agogon bango. Na ga haka, ban kawo komai ba. Can ya tambayi miyar, na ce ta yi, ya ci.

Ni na kai kulolin kicin. Mai dafa mana abinci wata mata ce Kirista daga kudancin Kaduna, ta daɗe a gidan, muna wasa da ita. Ta dube ni, ta ga maiƙo a bakina.

"Baba, ba kai ya ce kana azumi ba?"

"Na karya. Honarabul ya matsa."

Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. "Har azumi ma ba su bar ka ba? Kai, wannan aiki naka ya fi nawa wahala."

"Wane aiki?"

"Aikin ci mana."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Baba, tsaya. Kai ba ka sani ba?"

"Me zan sani?"

"Minti ashirin. Kai ka ci, shi ya duba agogo. In ba ka fadi ba, shi ya ci. Hajiya matar Oga ne ya gaya mini tun ranar da na fara aiki, ya ce kar in ba Oga komai a hannu sai ya bi ta bakinka. Ko ruwan zobo."

Na ce, "Ke, ki iya bakinki."

"Allah ya gani, na dauka ka sani. Na dauka biyan ka ake yi. Kowa ya sani a gidan nan. Direba ya sani, dan sanda ya sani. Ba ka ji suna ce maka cokalin Honarabul ba?"

Na ji. Na sha ji. Na ɗauka don ba ma rabuwa ne.

Akwai turmi a kife a ƙofar kicin, a kansa na zauna. Ranar da mota ta kife da mu na san abin da ya same ni, na ja jiki na fita. Wannan ban san ta inda zan ja jiki ba. Sakwarar ta tsaya mini a ƙirji. Na ji ina sauraron cikina, ina jira in ji ko wani abu zai murɗa. A nan na gane abin da shi yake saurare ke nan shekara goma.

Wani abu ya faɗo mini. Mun taɓa zuwa biki a Wushishi, na ci dambun nama, kafin mu tashi amai ya kama ni. Alhaji da kansa ya ɗauke ni, aka kunna jiniya har asibiti a Minna, yana riƙe da hannuna yana salati, jikinsa na rawa. Likita ya ce naman ne ya kwana. Na ba da labarin nan ya fi sau ɗari, har a taron siyasa, ina cewa ku ga ƙauna. Sai a kan turmin nan na tuna ranar bai taɓa dambun ba.

Matar ta ce, "Baba, yi hakuri. Kar ka ce ni ne."

Ban ce ita ce ba.

Washegari da rana aka kawo tuwon masara da miyar kuka, girkin gida. Mu biyu ne a falo. Na wanke hannu, na zauna, na ɗora hannun a gwiwa.

"Yaya, bismillah."

"Fara, Alhaji."

"Ka girme ni."

"Da muna saman lodi ma na girme ka. Fara."

Ya dube ni. Ya gane. Bai yi musu ba, wannan kam na yaba masa.

"Wa ya gaya maka?"

"Agogo."

Ya ce, "Ka ga yadda abokin nan nawa ya mutu bayan walima. Ina gefensa. Ba ka san siyasa ba. Wa zan yarda da shi in ba kai ba?"

"Yarda ke nan?"

"Duk wanda ya san kai ke fara ci ba zai saka komai ba. Ka ga ai ba abin da ya same ka. Na ciyar da kai, na tufatar da kai, na aurar maka da 'ya'ya biyu."

"Ka yi."

"To?"

Na ce, "Da ka ce mini, ina tsoro, zo ka riƙa ɗanɗana mini, wallahi da na yi. Ba sai ka ce mini Yaya ba."



Na jawo langar tsakiyarmu. "Tuwon gidanka ne. Matarka ta tsaya a kansa. Sa hannu in sa, lokaci ɗaya. Loma ɗaya kawai, in zauna."

Ya ɗaga hannu. Na ga yatsunsa sun kai bakin langar. Suka tsaya a nan. Zufa ta karyo masa, ga na'urar sanyi na aiki. Mutumin da na sani yana cin ɗanwake a tasha da hannun da ya gama ɗaure buhu. Mun daɗe a haka, har tuwon ya yi fata.

Sai ya janye hannun, ya ɗaga murya ya ce a kira masa maigadi.

Tsohon ya shigo yana tari, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa. Shekara goma sha ɗaya yana gidan, bai taɓa taka falon ba.

Alhaji ya ce, "Baba, matso. Zauna nan. Bismillah, fara. Ka girme ni."

A gabana. Ko kalma ɗaya bai sauya ba.

Na tashi. Kayana ba su da yawa. Rigunan da ya ɗinka mini na bar su a kan ƙusa. Da na fito, maigadin ya koma bencinsa yana sakace haƙori. Na tsaya a kansa, na gaya masa komai, da agogon, da minti ashirin ɗin. Na ce kar ya ce ba a gaya masa ba.

Ya ce, "Na sani, Malam. Ai ni na daɗe da sani."

"Ka sani ka ci?"

"Rabona da nama tun layya. In ajali ne, a bencin nan ma zai same ni." Ya gyara zama. "Kai dai ka yi wauta. Da ni ne da ban tambaya ba."

 Na buɗe ƙofar da kaina.

Na koma awo a Kagara. A ƙauye aka ce na yi wa Honarabul butulci ana tsakiyar neman zaɓe, har 'ya'yana suka zo ba ni haƙuri a madadinsa. Ban gaya musu dalili ba, don ni na yi yawo ina faɗa wa mutane abin da ba haka yake ba. Bai samu tikiti ba a wannan karon. Ya yi shekara uku a Minna yana bin ofisoshi ko za a ba shi wani muƙami, ba a ba shi ba. A 2014 ya dawo sayen ƙwara, da mota ɗaya. Ya rame.

Ranar kasuwa yakan biyo ta rumfata. Ya ce sannu da aiki, in ce sannu Alhaji. Ya koma kirana da sunana. Sau ɗaya ya tarar ina cin ɗanwake, ya tsaya yana kallon kwanon. Na ce masa bismillah, don ba a ci a gaban mutum a yi shiru. Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi.