Mati da Kuɗin Sin

Mati ɗan Babban Duhu ne, amma a Batsari ya yi suna, wajen sayar da kayan gyaran babur. Da faci ya fara a gindin bishiya, yau shagonsa ƙofa biyu. Mutum ne mai lissafi, ko ƙusa ta faɗi sai ya san ta nawa ce. Abin da ya gada wurin mahaifinsa kuwa shanun huɗa ne guda biyu, suna hannun ƙanensa Kabo a ƙauye, su ke ciyar da gidan duk damina.

A rediyo ya ji ana muhawara, wai kuɗin Sin na iya ture dala a kasuwar duniya. Ya dubi kantarsa: taya ta Sin, sarƙa ta Sin, fulogi na Sin. To me ake jira? Ya sa Kabo ya koro shanun kasuwa ran Alhamis, a sayar, shi kuma Mati ya je Kano ya canzo kuɗin Sin ya ɓoye kafin su yi tsada.

"Yaya, hadari ya fara haɗowa fa. Da me za mu yi huɗa?"

"Baɗi tarakta za ka hau."

Ranar kasuwar sai ga Alhaji Nurain, dilan da ke kawo masa kaya, bai daɗe da dawowa daga Sin ba. Bayan sun gaisa, Mati ya kwance masa shirin. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni da na je can, dala na ƙulla a lalitata, da ita suka yi mini farashi. Wata rana ƙila a juya, Allah masani. Amma bana wa zai karɓi takardar nan a Safana ya ba ka tiyar gero?"

Mati bai ko rufe shago ba, ya haye babur sai kara, inda ake cinikin shanu.

Ya tarar an kewaye shanun, mai saye ya riƙe hannun Kabo, dillali na ta lallashi. Kabo kuwa, da aka san shi da taurin ciniki, tun hantsi bakinsa ɗaya: "Albarka." Bai ce ya sallama ba, kuma muddin ba a sallama ba, saniya ta mai ita ce.

Mati ya kama igiya, yana haki.

"Yaya, a sallama?"

"Sallama wa? Kora su gida, ka biya wurin maƙeri ya duba garmar nan."