Lallen da Na Cire Daga Labarin

Ƙanwata ba ta gani da idon dama. In za ta tsallaka titi sai ta juyo da kanta gaba ɗaya, kamar wadda aka kira daga baya. Ni na yi mata haka, ina da shekara goma sha biyar, ita tana da shida.

A ƙauyenmu ne, gefen Burumburum, shekarar da ciwon ido ya bi gari gida-gida. Ya kama ta, idanun suka yi jawur, kullum da safe sai an jiƙa tsumma an goge kwantsa kafin su buɗu. Rannan Inna za ta gona cirar gyaɗa, ta bar mini ita. Wata ƙawata ta taɓa ce mini in aka ɗiga nonon tinya kaɗan cikin ruwa aka sa a ido, kafin la'asar ya washe. Tinya kuwa ita ce shingen bayan gidanmu. Na karya reshe, na tari farin ruwan a murfin kwalba, na ƙara ruwan randa, na kwantar da yarinya a cinyata. Ido ɗaya na samu na ɗiga wa. Ihun da ta yi da fizgewar da ta yi su suka ceci na hagun.

An kai ta asibiti, an dawo. Idon ya yi fari, bai sake gani ba.

Inna ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da na fi so. Daga ranar na rage magana, na daina fita dandali, mutanen gari suka fara cewa, "Tun abin nan yarinyar nan ta nutsu." Na yi aure a Tudun Wada, na haifi biyar, ban taɓa ɗura wa ɗana wani abu ba sai na tambayi wanda ya sani. Ana yaba haƙurina, ana yaba kulata. Ni ma sai na soma ba da labarin. In na ga maƙwabciya za ta sa wa jariri wani haɗi a kunne, sai in zaunar da ita in ce, bari in gaya miki abin da tausayi ya ja mini ina yarinya. Duk faɗa ɗaya labarin sai ya ƙara santsi. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin shirun da mata ke yi in na kai ƙarshe.

Na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da muka iya haɗa jimla, malamarmu ta ce kowacce ta rubuto wani kuskure na ƙuruciya da darasin da ta koya. Na cika shafi biyu. Malama ta karanta, ta ce nawa za a karanta ranar yaye mu. Don murna na aika Doguwa, inda ƙanwata take aure, na ce lallai ta zo. Ta zo kuwa, da kwanon man shanu ɗaure a ɗankwali, ta zauna a benci na biyu.

Na miƙe na karanta ban yi tuntuɓe ba. Na rufe da cewa na gode wa Allah da wannan kuskure, domin shi ya mayar da ni uwar da nake a yau. Aka yi tafi, har da guɗa. Sai wata ta waiga ta dubi ƙanwata, ta zunguri ta kusa da ita. Kafin a jima rabin ajin sun juya suna neman idon da aka ba su labari. Na ga ta ja mayafi ta rufe gefen damanta.

Bayan azahar na raka ta tasha. Ina tafe ta hagunta, kamar yadda na saba, don ta riƙa ganina.

Ta ce, "Yaya, ashe kin iya karatu haka."

Na ce, "Ana dai koyo, Auta."

"Har da guɗa. Ni ko ranar aurena ba a yi mini irin wannan ba." Ta ɗan yi dariya. "To ke kin koyi haƙuri, kin koyi kula da yara. Ni me na koya?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Na koyi zura zare da lalube. Na koyi sunan da yara ke kirana a makarantar allo, har na daina zuwa. Ba ki sa wannan a takardar ba. Lallen ma ba ki sa ba."

Na ce, "Wane lalle?"

Ta tsaya cak a gefen hanya. "Haba Yaya. Wanda ke hannunki. Da shi kika buɗe mini ido, har yau ba na son jin warin lalle. Ba kamun ƙawarki ake yi ranar ba? Inna ta ce ba inda za ki sai idona ya yi sauƙi. Kina ɗiga mini kina cewa, yi shiru, yi shiru, kada su tafi su bar ni."

Wallahi sai da ta faɗa na ga abin a gabana. Sabon zanena a ninke kan gado. Muryoyin 'yan mata a ƙofar gida suna kirana. Kuma na san tinya, duk yaron ƙauye ya san ta, sau nawa Inna ta ce ko hannu ya taɓa a wanke kafin a kai fuska. Ba tausayi ba ne. Sauri nake. Shekara kusan talatin ina ba da labarin nan, ban san ranar da na cire bikin daga ciki ba. Ban zauna na shirya ƙarya ba. A hankali na riƙa rage abin da ke sukata, har ya zama labarin da za a tafa wa.

Na ce, "Auta, ki yafe mini."

Ta ce, "Idon na yafe tun ina yarinya, ke ma yarinya ce. Godiyar da kika yi ce ta tsaya mini a wuya. Idona kike gode wa Allah da ya tafi, Yaya?"

Mota ta cika saura mutum ɗaya, ana ta kiran Doguwa. Na ce mata ba zan sake ba kowa labarin ba. Ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta same ni.

"A'a, ki bayar, ko wata ta ji tsoro. Amma ki bayar da lallen. Kuma kada ki ƙara cewa ya yi miki amfani."

Takardar yayen tana ƙasan akwati, shafi biyun nan kuwa na hura wuta da su. Har yanzu mata na cewa ina da haƙuri. Wataƙila da can ma zan yi haƙurin. Inna mai haƙuri ce, ba ta makantar da kowa ba kafin ta same shi.

An yi ƙaramar salla da babba tun ranar, Auta ba ta tako gidana ba. Man shanu dai yana zuwa, a hannun direba.