Ɗorin Baba Ishaya

A Manga, kusa da Zuru, duk wanda ƙashinsa ya karye gidan Baba Ishaya ake kai shi. Tsohon soja ne, gajere, mai faɗan tsiya. Wajen kakansa ya koyi ɗori, ya je yaƙi ya dawo da ɗingishi, ya koma gona da tabarmar ɗorinsa. Ran Lahadi kuwa yana layin gaba a coci, kuma kaiton mai wa'azin da ya ce salama ita ce kowa ya yi shiru. Baba zai tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, annabawan Ibraniyawa ba haka suka faɗa ba. Sun tsine wa masu shafa mai a kan gyambo suna cewa lafiya lau. Salama ita ce kowane abu ya koma mazauninsa, kowa ya ci daga gonarsa ba tsoro."

Wata damina shanun noman Ladan, wani Musulmi da 'yan bindiga suka koro daga wajen Danko, suka tsinke suka faɗa gonar Dominic, ɗan cocin su Baba. Dominic ya zo ya ga dawarsa a kwance, ga Ladan yana ƙoƙarin fitar da shanun, idonsa ya rufe, ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke wa Ladan a hannun dama. Ƙashi ya ce ƙaras.

Dattawa suka zauna nan take, suka ce ɓarna ta biya ɓarna, a sha hannu, magana ta mutu. Aka sha hannun hagu, kowa na ta murna an zauna lafiya.

Baba Ishaya kam ransa ya ɓaci ƙwarai. Lokacin noman fari ne, ciyawa na cin gonar aron da Ladan ya shuka, kuma ita kaɗai ce abincin 'ya'yansa na shekara. Mai hannu ɗaya ba ya noma. Wane zaman lafiya ke nan?

Da aka kawo masa Ladan, ya fere kararensa, ya ɗauko man kaɗanya da tsumma, sai ya zauna ya naɗe hannayensa, ya ƙi farawa. Ɗori ba ya yiwuwa sai da ƙaƙƙarfan da zai rungume mai karaya ta baya, kada ya fizge. Ga samari cike da zaure, amma Baba ya ce ba ya son ko ɗaya.

"A kira mini Dominic."

Dominic ya zo yana sunkuyar da kai. "Baba, ai an riga an sasanta mu."

"Na ji. Zauna ka riƙe shi."

Haka Dominic ya zauna a tabarma ya manna bayan Ladan a ƙirjinsa. Baba ya kama hannun ya ja. Ladan ya kurma ihu yana salati, jikinsa na ɓari, zufarsa ta jiƙe rigar Dominic sharkaf. Baba bai yi gaggawa ba, ya bi ƙashin da yatsa a hankali har ya zauna daidai, sannan ya jera karare ya ɗaure. Ko da ya ɗago, hawaye ne ke zuba a fuskar Dominic, ya ma kasa sakin mutumin.

Baba bai yi masa wa'azi ba. Wanke hannu ya yi, ya ce wa Ladan kada ya kuskura ya taɓa fartanya sai kaka.

"To Baba, ɗiyana mi za su ci?" in ji Ladan.

Baba ya dubi Dominic kawai, ya shiga cikin gida.

Washegari da hantsi Ladan ya lallaɓa gonarsa, hannu rataye a wuya, don ya ga iyakar asararsa. Sai ya tarar an nome kunya da dama. Dominic ne a duƙe yana ta sara, Baba Ishaya na biye da shi da ɗingishinsa yana mita wai yaran yanzu ba su iya noma ba.

Ladan ya daɗe a tsaye, bai yi sallama ba, don har yanzu zuciyarsa na tafasa. Can ya nuna da lafiyayyen hannunsa ya ce, "Dominic, ka baro ciyawa a bayanka."

Dominic ya juya ya koma ya cire ta.